Masu kalar tikiti a filin sukuwa ba su ne ɓarayin wurin ba

A filayen tseren dawaki na Amurka da shagunan cacarsu akwai wasu mutane da in ka shiga zaka gansu kullum kansu a ƙasa, basa kallon doki basa kallon allon sakamako, daɓe kawai suke dubawa. Wani da leda a hannu yana bin gindin kujeru, wani yana jiran a tashi ya zazzage kwandon shara, wani kuma ya ƙware har ya iya juya takarda da bakin takalminsa ya karance lambobin yana tsaye saboda kar masu gadi su ga ya duƙa. Aikinsu kenan, tsintar tikitin da 'yan caca suka yar, su tara su je gaban na'ura suna zurawa ɗaya bayan ɗaya ko za a dace da wanda ya ci mai shi bai sani ba. Can masu sunkuyo ake ce musu, ni dai masu kala zan kirasu don abinda yafi kama dashi a wurinmu kenan, an girbe gona an ɗaure dammuna an kwashe sai mata da yara su bi baya suna tsintar zangarniyar da ta zube.

Tun kafin wani ya juya min magana bari in faɗa, ni ban yarda da caca ba ko wace iri ce, ta doki ko ta ƙwallo ko ta kati, kuma bana yiwa kowa sha'awar wannan sana'a ta bin shara. Amma abinda yake ci min rai shine duk cikin masu cin abinci a wannan wuri, daga gwamnati zuwa masu fili zuwa masu tallata cacar a talabijin, mai kalar nan shi kaɗai ne bai zura hannu a aljihun kowa ba, kuma shine ake kamawa a wuya a fitar waje ace ya ɓata wuri. Wannan ɗin ne nake ganin zalunci ne kuma akwai dalilin da yasa ake yinsa.

Mutum zai ce to wai ya ma za'ayi wani ya ci kuɗi ya yar da takardar. Ai hanyoyin suna da yawa, kuma duk wanda ya san yadda tseren yake bazai yi mamaki ba. Na farko, doki ya riga kowa tsallake layi ba shine ƙarshen magana ba, sai alƙalan tsere sun tabbatar. In wani mahayi ya kai ƙara cewa an tare masa hanya ko an buge dokinsa, ko su alƙalan da kansu suka ga wani abu, sai a kunna alamar bincike a koma kallon bidiyo, kuma ana iya sauke wanda yazo na ɗaya a ɗora na bayansa. To shi ɗan caca zuciya ta ɗebe shi, yana ganin dokinsa yazo na biyu ya dunƙule takarda ya jefar ya nufi ƙofa yana zage-zage, bai tsaya jin hukunci ba.

Kuma wannan ya faru a gaban duniya a ranar 4 ga Mayu 2019, a tseren Kentucky Derby da akeyi a filin Churchill Downs na garin Luwibil, wanda shine tseren da yafi kowanne suna a Amurka, mutum wajen 150,000 a filin ga ruwan sama ga taɓo. Wani doki Maximum Security shi ya shigo na ɗaya kowa ya gani da idonsa. Sai aka kai ƙara cewa ya karkace daga layinsa a kwanar ƙarshe ya tare wasu, alƙalai suka zauna wajen minti 22 suna maimaita bidiyo, ƙarshe suka sauke shi zuwa na 17 suka bawa Country House, dokin da kusan ba wanda ya sa masa rai, wanda duk dala 2 da aka zuba a kansa ta dawo da dala 132 da santi 40. Ba a taɓa sauke wanda ya ci wannan tsere saboda laifin cikin fili ba sai ranar. Yanzu ka auna minti 22 ɗin nan, a taron da yawancinsu sau ɗaya suke zuwa a shekara don ado da shaye-shaye da ɗaukar hoto, mutum nawa ne suka riƙe takardarsu har ƙarshe?

Ban da wannan akwai dokin da ake cirewa daf da tashi, misali likitan dabbobi ya ga yana ɗingishi a bakin ƙofa, to duk wanda ya zuba a kansa kuɗinsa ake mayar masa, amma shi bai ji sanarwa ba, ya dai ga dokinsa bai fito a sakamako ba sai ya yar. Akwai inda ake haɗa dawaki biyu na mai gida ɗaya a lamba ɗaya, 1 da 1A, kowanne ya ci ka ci, sabon shiga bai san haka ba. Akwai wanda ya sayi tikitin cewa dokinsa zai shigo cikin ukun farko amma ya manta irin wanda ya saya, yana ganin bai zo na ɗaya ba shikenan. Wani lokaci ayi kunnen doki a raba kuɗin biyu. Wani kuma mai sayar da tikitin ne ya danna lambar da ba ita aka ce masa ba kuma ita ɗin ta ci. Ga giya, ga tikiti goma sha a hannun mutum ɗaya ya rasa wanne ne wanne. Duk waɗannan su ne abincin mai kala, kuma shi ya san dokokin nan fiye da masu zuba kuɗin, shi yasa da yaga an kunna alamar bincike ko an cire doki a makare ya san yau akwai aiki.

A ƙarshen 2009 jaridar New York Times ta bada labarin wani magidanci da ya shekara wajen goma yana wannan aiki a wani shagon caca a tsakiyar Manhatan, cikin birnin Niyok. A cewarsa abin ya faro ne a 1999 ranar da shi kansa ya yar da tikitinsa, daga baya aka sauya sakamako ya zama ya ci dala 900, ya tona shara bai ganshi ba har ya roƙi a barshi ya tafi da buhun sharar gida. Nasa dai bai ganshi ba amma ya tsinci wasu guda biyu na wasu mutane da suka kai dala 2,000. Daga nan ya mayar da abin sana'a, dubban takardu kullum yana tsaye gaban na'ura, yace yana samun sama da dala 45,000 a shekara kuma yana biyan haraji a kai, da ita yake riƙe iyalinsa. Mutane da yawa da suka ji labarin dariya ya basu ko sha'awa, ni tausayi ya bani, don tsayuwar awa da awanni kana zura takardun da aka taka aka zubawa kofi da toka ba ƙaramar wahala bace, kuma ko a cikin masu kalar irinsa ɗaiɗaiku ne, sauran abinda zasu ci ranar kawai suke samu wata rana ma su tashi a tutar babu.

To yanzu ga tambayar da ya kamata kowa yayi, in mai kala bai tsinci takardar nan ba ina kuɗin yake zuwa? Baya komawa wurin mai shi, don tikitin takarda ba suna a jikinsa, wanda ya miƙa shi ake biya. Ba a kuma rabawa sauran 'yan cacar. A jihar Niyok doka ce, tikitin da ya ci in ba a karɓi kuɗinsa ba zuwa ƙarshen watan Maris na shekarar da ta biyo baya ya mutu, kuɗin ya tafi asusun gwamnatin jiha. Wasu jihohin kuma masu fili ko harkar tseren ake barwa. Ma'ana akwai wanda yake zaune a ofis yana lissafin kuskuren mutane a matsayin kuɗin shiga, ya san duk shekara za'a samu, yana sa ran a samu. Duk takardar da mai kala ya kai tagar karɓar kuɗi aka biya shi, daga wannan asusun aka rage. In ka gane wannan ka gane dalilin korarsa, maganar wai yana ƙazanta wuri ko yana damun baƙi duk biyo baya tayi.

Kuma fa kafin a kai ga wannan sun riga sun ci nasu tun a sama. Tsarin cacar doki a Amurka shine wanda wani Joseph Oller ya ƙirƙiro a Faransa a 1867, a tara kuɗin kowa wuri ɗaya, masu fili da gwamnati su yanki kasonsu, ragowar a rabawa waɗanda suka ci. Kason nan yakan kama daga wajen kashi 15 cikin ɗari har zuwa 25 gwargwadon irin cacar, kuma ko wane doki ne ya ci su basu da asara. Bayan wannan akwai ɗan canjin da suke dannewa, shekara da shekaru a yawancin filaye in lissafinka ya kama misali dala 5 da santi 78, dala 5 da santi 60 za'a miƙo maka, ragowar ta zama tasu, ka tara wannan a kan miliyoyin tikiti ka ga abinda zai zama. Sai a 2022 jihar Kentaki ta gyara nata ta koma biya har santi. Shagunan cacar birnin Niyok kuwa, waɗanda hukuma ce da kanta ta buɗe su a 1971, har wani ƙarin kashi 5 cikin ɗari suke cirewa a kan abinda mutum ya ci, kuma duk da haka suka karye, suka shiga kotun fatara a 2009 aka rufe su gaba ɗaya a Disamba 2010, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, masu kalar da suka dogara dasu ma ba wanda ya ko tuna dasu.

Wanda yafi tsaya min a rai shine abinda ya fito a ƙarshen 2011. Hukumar NYRA mai gudanar da manyan filayen tseren jihar Niyok guda uku a lokacin, Aqueduct da Belmont da Saratoga, an gano ta shafe wata 15 tana yankar kashi 26 a wasu nau'in caca alhali doka ta dawo da iyakar zuwa 25. Kashi ɗaya tak, amma da aka lissafa ya haura dala miliyan 8 na mutane. An sallami shugabanta a 2012, gwamnatin jiha ta karɓe ragamar hukumar, amma wanda ya sayi tikitin takarda da tsabar kuɗi ya karɓi abinda aka bashi ya tafi gida ta ina za'a nemo shi a cika masa? Masu kala nawa zasu sunkuya na shekara nawa kafin su tara miliyan 8? Su manyan hukumar ba a fitar dasu ana riƙe da wuyan rigarsu a gaban jama'a ba.

Shi kuwa mai kala ba sai ya karya wata doka ba ma kafin a kore shi. Tun 1947 babbar kotun jihar Niyok ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga filin Aqueduct, inda aka hana wani mutum shiga saboda an ɗauka shine wani ƙasurgumin ɗan daba da suke da sunan mahaifi iri ɗaya, kotu tace masu fili suna da ikon hana duk wanda suka ga dama shiga ba sai sun kawo dalili ba, in dai ba don launin fata ko addini ko asalinsa bane. Da wannan ikon ake amfani. A Japan ma abin yafi tsanani, can ɗaukar tikitin da ya ci a ƙasa ka je ka karɓi kuɗin ana iya ɗaukarsa a matsayin cinye kayan tsintuwa wanda laifi ne a dokarsu, tikitin kuma kwana 60 kawai yake dashi.

Masu goyon bayan korar suna da maganganu kuma ba duka bane na banza, gaskiya. Suna cewa wani ba yarwa yayi ba faɗuwa tayi daga aljihunsa, yana iya dawowa nema. Suna cewa wasu masu kalar basa tsayawa a ƙasa, in ka ajiye tikitinka a kan tebur ka juya sai su zare, ko su laɓe kusa da na'ura suna jiran wanda zai manta ragowar kuɗinsa a ciki. Akwai kuma masu tara tikitin da ya faɗi buhu-buhu don a yaudari hukumar haraji, saboda a Amurka wanda ya ci caca yana iya rage harajinsa in ya nuna asarar da yayi, sai mutum ya gabatar da takardun da ba shi ya saya ba. Duk wannan yana faruwa. Amma ai kowanne da sunansa, wanda ya zare abu a teburin wani ɓarawo ne a kama shi da laifin sata, mai yaudarar haraji a kama shi da nasa laifin, ba sai an haɗa da tsohon da yake bin kwandon shara bayan kowa ya watse ba. In kuma da gaske tausayin mai takardar ake ji, to me ya hana a riƙa sanarwa da ƙarfi ana maimaitawa cewa kar kowa ya yar da tikiti, a kafa na'urar dubawa a kowace ƙofar fita, a tsawaita wa'adin karɓa? Wanda yake cin ribar mantuwarka bazai wahalar da kansa wajen tuna maka ba, iyaka ya rubuta a wani lungu da ƙananan baƙaƙe.

Nasan ɗan uwa musulmi zai ce malam duk wannan dogon bayani, kuɗin ai na caca ne. Haka ne, kuma ban kauce ba. Aya ta 90 a suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya ta kira su ƙazanta daga aikin shaiɗan tace a nisance su, kuma tsintuwa ma a shari'a ba'a cewa na tsinta nawa ne, cigiya akeyi har shekara in abu ne mai daraja. Don haka da ƙanina ne a can ya kirani yace yaya ga sana'ar da na samu, zan ce masa ya bari ya nemi wankin mota ko dako, kuɗin da aka tara daga hawayen mutane ba albarka a cikinsa ko ta wace hanya ya iso hannunka. Amma hana ƙanina wani abu daban ne, yarda da cewa shine mafi laifi a gidan kuma wani abu ne daban. In za'a jera masu alhaki a wannan harka, wanda ya gina gidan yana gaba, sai wanda ya bashi lasisi yana karɓar kaso, sai mai talla da yake nunawa matasa wanda ya ci yana ɓoye dubun da suka faɗi, mai kala can ƙarshen layi yake in ma ya shiga layin.

Akwai kuma wani abu da nake ganin mutumin nan yana nunawa ko bai yi niyya ba, kuma ina jin yana cikin abinda yasa basa son ganinsa. Duk wanda ya tsaya ya kalle shi yana zura takarda na'ura tana tofowa, ya zura ta tofo, ɗari biyu ɗari uku kafin ɗaya tayi ƙara, ya ga haƙiƙanin caca da idonsa ba sai an yi masa wa'azi ba. Kowace takarda a ledar nan kuɗin wani ne, kuɗin haya ne ko na cefane ko na makarantar yara, mutum ya shigo dashi da safe yana murmushi. Gidan caca yana kashe maƙudan kuɗi don ka riƙa ganin fitilu da wanda ya ɗaga hannu yana ihu, shi kuma wannan bawan Allah yana yawo a tsakiyarsu da buhun asarar jama'a a kafaɗa.

Yanzu ma sana'ar tana mutuwa da kanta. Caca ta koma waya, tun bayan da kotun ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni a 2018 abin ya ɓarke, Niyok ta buɗe ta waya a Janairu 2022 tana karɓar kashi 51 na ribar kamfanonin a matsayin haraji. A waya in ka ci kuɗin kai tsaye yake shiga asusunka, ba mantuwa ba yarwa, wannan kam gyara ne ban musa ba. Amma asarar ma ta daina barin shaida. Da mutum zai fito daga shago ya taka takardu har idon sawu ya san ba shi kaɗai aka cinye ba, matarsa zata wanke wando ta ga tikiti a aljihu ta tada magana, yanzu yana kwance a gado kusa da ita ƙarfe biyun dare albashin wata ya tafi ba wanda ya ji motsi.

Mu ma nan abin bai yi mana nisa ba, duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar shagon bet a garuruwanmu ranar Asabar da daddare bayan an tashi wasannin Ingila ya ga dogayen fararen takardun nan a zube har cikin kwata, yaro ya jera wasa goma sha biyar da naira ɗari biyu wasa ɗaya ya ɓata masa. A Kano Hisbah ta rufe shaguna da dama a Oktoba 2024, a Nuwamba na shekarar kuma kotun ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005 tace hurumin jihohi ne, to yanzu ba gwamnan da zai ce hannunsa a ɗaure yake. Sai dai rufe shago baya rufe wayar da ke aljihun yaro, kuma jihohin da suka zaɓi su bar cacar suna karɓar haraji ya kamata 'yan majalisarsu su tambayi kamfanonin nan a fili, tikitin shago da ya ci ba'a zo karɓa ba, ko wanda aka ɗage wasa a cikinsa mai shi ya ɗauka ya mutu ya yar, nawa ne a shekara kuma aljihun wa yake shiga.

Abinda nake nema a can da nan duk ɗaya ne. Kuɗin da ba'a karɓa ba kar ya zama ribar kamfani kuma kar ya narke a babban asusun gwamnati inda ba mai iya bin sawunsa, a ware shi a bayyana adadinsa duk shekara, a kashe shi wajen jinyar waɗanda caca ta zame musu ciwo da tallafawa iyalan da ta rusa, don daga jikinsu ya fito. Mai kala kuma in bai taɓa kayan kowa ba bai tsangwami kowa ba a daina sa masu gadi suna wulaƙanta shi, in ana son ya bar wurin a nema masa aikin da zai riƙe iyalinsa dashi, ko sharar filin ce a ɗauke shi a riƙa biyansa albashi tunda dama shi yake kwashe ta.